Kalmar da Ta Rufe Mana Ƙofa a Sudan

Tun da na dawo Ƙanƙara ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi sai wani ya jawo benci ya ce, "Malam Lawal, yaya Sudan ɗin?" Na san abin da wasunsu ke son ji. So suke su ji ko Larabcina ya yi aiki, don sun daɗe suna zargin cewa yaran firamare kawai nake tsoratarwa da shi. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai na tsallake wuri ɗaya, wurin da na yi abin kunya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi duka, har da wurin.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta Kawu Mamman ce, yayan mahaifiyata, manomi a Tafoki. Yana da taubashi, Baba Isiyaku, ɗan gwaggonsa, tare suka tashi, tare suka yi kiwo. Shekara arba'in da suka wuce Baba Isiyaku ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙasa, ba da yardar mahaifiyarsa ba. Ta ce masa in ya fita garin nan ba ta yafe ba, ya sa kai ya fita, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da ciwon ajali ya kama tsohuwar, ta kira Kawu ta ce in Allah ya haɗa su ya gaya masa ta yafe. Kawu ya riƙe wannan magana shekara ashirin da ɗoriya, ba shi da inda zai sauke ta.

Bara wani Alhaji na Sabuwa ya dawo daga aikin Hajji da labari. Ya haɗu da wani mutum daga wani ƙauye a bakin Kogin Nilu, inda ake noman auduga, ya ce akwai wani dattijo a garinsu da ke cewa asalinsa Tafoki. Yana raye, amma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Kawu ya jira aka gama kaka, ya sayar da bijimai biyu, ya same ni a makaranta.

"Kai ke da Larabci," ya ce. "Ɗauko shi mu tahi."

Na ce, "Kawu, yanzu fa zamani ya canza. Ƙasa ta yi arziki, har mai goron bakin tasha a jirgi ya je Makka. Mu hau jirgi a Kano mana."

Ya harare ni. "Shi da ƙafa ya tahi, ni in bi ta sama in iske shi? Motar ma don ƙafar ta tsufa ne."

Na nemi hutu a wurin aiki, muka hau mota a Sheme. Daga Funtuwa zuwa Kano har Maiduguri ba wani abin faɗa, sai sabuwar kwalta da manyan motocin siminti da ke neman ture mu cikin daji. A Maiduguri muka sauka gidan wani fatoma, mu goma sha ɗaya a ɗaki guda, har da wani mai minshari da ya rantse bai taɓa yin minshari ba. A iyakar Gamboru wani jandarma ya kwance ƙunshin Kawu, ya ci karo da daddawa. Na tsorata, na fara shirya jawabi. Mutumin ya shinshina, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsu biyu. Kawu ya ba shi uku, muka wuce.

A Chadi Larabcina ya fara shan kunya. Mun sami wuri a kan buhunan sukari cikin motar wani direba Bashuwa mai suna Adam. Na gyara murya na yi masa gaisuwa irin ta littafi, kowane wasali a inda ya dace. Ya saurara har na gama, ya ce wa mutane su yi shiru liman ya hau mumbari. Daga ranar har muka rabu, Liman yake kirana. Amma mutumin kirki ne, yana jin Hausa, kuma duk inda aka tsaya sai ya fara miƙa wa Kawu shayi kafin kowa.

Adam yana da rediyo. Lokacin ana rikici a ƙasar, akwai mutane da bindigogi a cikin duwatsu. In ya murɗa tasha ɗaya, mai karanta labarai ya kira su 'yan fashi. In ya murɗa wata, da Larabci dai iri ɗaya, sai su zama 'yan gwagwarmaya. Kawu ya tambaye ni mi ake cewa, na fassara masa duka biyun.

"To su waɗanne ne a ciki?" ya tambayi Adam.

Adam ya ce, "Baba, ya danganta da wanda ya tsayar da motar. Kai Liman, in an tare mu, kada ka fassara wa kowa komai."

Na ji haushin maganar a lokacin, don a ganina fassara ita ce ka ɗauki kalma ka ajiye 'yar'uwarta, shi ke nan. Haka aka koya mana, haka kuma nake koya wa yara.

A Junaina, garin farko a Sudan, sai an cika takardar shiga. Na ƙi bari kowa ya cika mana. A wurin dalilin zuwa na rubuta da kyakkyawan rubutu cewa mun zo ganin ɗan'uwanmu da ya baro ƙasarmu ya zauna a tasu. Wani magatakarda da ke zaune da teburinsa a gindin bishiya ya leƙa takardar, sai na ji ya ce da Hausa, "Malam, kawo nan." Sunansa Malam Haruna, a can aka haife shi, kakansa Bakano ne. Ya karanta, ya yage ta gida huɗu a gabana.

"Ka rubuta haka, kai za ka wuce lafiya," ya ce. "Shi ɗan'uwan naku za a bi a tambaye shi takardar zama ɗan ƙasa, shi da 'ya'yansa."

Ya ɗauko sabuwa ya rubuta cewa mun zo ziyarar bayin Allah da neman albarka. Na ce ai wannan ba shi ne abin da muka faɗa ba. Ya ce, "Shi wanda za ku gani ba Alhaji ba ne? Ba shi da albarka?" Kawu ya yi dariya har da tari.

Daga Nyala muka shiga jirgin ƙasa, mai tafiya kamar ba ya so. Mutane cike har kan rufi, amma ban taɓa ganin masu kyauta irinsu ba. Ba mai buɗe abinci bai ce a matso ba. Ba sa karyawa sai hantsi ya ɗaga, su kawo dafaffen wake manya-manya da man riɗi. Abincinsu na kullum kisra ne, ƙullun dawa da ake shimfiɗawa a kasko siriri kamar takarda. Kawu ya ɗaga guda ya duba ta a haske, ya ce tuwo ne aka yi wa guga. Miyar kuwa busasshiyar kuɓewa ce, tamu sak, ya ci har ya lashe hannu. Gaisuwarsu ce ta kusa jawo rigima. Wani ƙaton mutum ya zo ya daki kafaɗar Kawu, Kawu ya laluba sandarsa, sai da na rantse masa cewa haka suke gaida wanda suke ganin girmansa. Ni ma na sha tawa. Na nemi ruwa da kalmar littafi, wata tsohuwa ta dube ni da tausayi ta ce a nan moya ake cewa.

Kwana ashirin da uku muka yi kafin mu isa ƙauyen. Da la'asar aka nuna mana gidan, gida mai kyau na jan bulo. A ƙofa akwai baƙi uku zaune a kan gadajen igiya, sun zo dubiya. Wani mutum ya fito, zai yi shekara talatin da biyar, da farar jallabiya da tabarau. Shi ne Ustaz Usman, babban ɗan Baba Isiyaku, ma'aikaci a ofishin auduga. Kawu ya yi masa sallama da Hausa, ya amsa da Larabci cewa ba ya jin wannan harshe, ya dube ni.

Murna ta cika Kawu. Kun san tsakanin taubasai, ɗan namiji kan ce ɗan mace bawansa ne, shi kuma ya ce ba a haifi mai mallakarsa ba. Tun suna yara Kawu bai taɓa kiran Baba Isiyaku da sunansa ba. Sai ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida.

"Ina bawan nan nawa da ya gudu? A ce mashi ubangidanshi ya zo."

Ga wurin da nake tsallakewa. Na ga mai tabarau da baƙinsa, na ce yau za a san an yi karatu a Katsina. Na gyara tsayuwa na juya maganar Kawu zuwa Larabci kalma bayan kalma, ban bar ko ɗaya ba. Na ce abd, wato bawa, na ce ya gudu, na ce ubangidansa ya zo. Har murmushi na yi da na gama.

Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuyar da kai, wani ya ajiye kofin shayinsa. Ustaz Usman ya dube ni, ya ce ba a san mu a gidan nan ba. Ya shigar da baƙinsa, ya rufe ƙofa, muka ji ƙarar sakata.

"Mi ka ce mashi?" Kawu ya tambaye ni.

"Abin da ka ce, Kawu."

Wani mai tsire a bakin hanya, Malam Bala, shi ya ga abin da ya faru ya kai mu gidansa. Shi ma jikan mahajjatan ƙasa ne, Hausarsa irin ta kakanni. Bayan ya ba mu ruwa ya zaunar da ni kamar ɗalibi.

"Malam, kalmar nan a wurinku wasa ce, a nan wuƙa ce. Da ita ake zagin 'ya'yanmu a makaranta. Usman ya sha dambe a kanta tun yana ƙarami, shi ya sa ya ajiye Hausa, ba wanda ya ƙara jin ta a bakinsa. Yanzu haka ana duba takardunsa don ƙarin girma, ana tambayar asalin ubansa. Waɗanda ka gani a ƙofa abokan aikinsa ne. Da ka bar maganar a Hausa, da ta wuce ta kansu. Kai ka kai musu ita har kunne, da Larabcin da ba mai cewa bai gane ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abin da ya fi ci mani rai shi ne Kawu bai yi mani faɗa ba. Ya zauna a kan tabarma yana kallon bangon gidan taubashinsa, wanda ake hangowa daga tsakar gidan Malam Bala. Aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Kwana biyu haka. A rana ta biyu ya ce mani, "Lawal, in ya mutu ban gaya mashi ba, mi zan ce ma Gwaggo?"

Rana ta uku na je na tsaya a hanyar da Ustaz Usman ke bi in ya tashi aiki. Da ya gan ni ya so ya kauce, na ce masa laifin nawa ne ba na tsohon ba, ya ba ni minti biyar. Na yi ta laluben yadda zan faɗi taubasantaka da Larabci. Akwai kalmar ɗan gwaggo, akwai kalmar wasa, amma in ka haɗa su ba su ba da abin ba. Sai na bar neman kalma na ba shi labari. Na ce a garinmu akwai mutanen da ba ka da ikon yin fushi da su, su zage ka a gaban jama'a ka rama, in ka mutu su ne kan gaba wajen ɗaukarka. Na ce wanda ya kira mahaifinsa da wannan suna ya sayar da shanun nomansa ya yi kwana ashirin da uku a hanya don ya kawo masa saƙon mahaifiyarsa.

Sai ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, "Ka gaya mini gaskiya. Mahaifina bawa ne a ƙasarku?"

Na ce, "Wallahi a'a. Kakansu ɗaya da wanda ya kira shi haka."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce tun da ciwon ya kama tsohon, Larabcin da ya yi shekara arba'in yana yi ya ɓace masa, Hausa kaɗai ta rage a bakinsa. Wata shida ke nan yana magana 'ya'yansa na tsintar rabi. Ya ce mu zo gobe da hantsi, amma da sharaɗi, ba za a faɗi wannan kalma a gidansa ba, da kowane harshe.

Da na gaya wa Kawu ya ce, "To. Sai dai ban san da mi zan kira shi ba."

Muka same shi kwance a gadon igiya, ya rame ƙwarai, idanunsa sun yi fari. 'Ya'yansa mata suna bayan labule, Ustaz Usman yana tsaye a bakin taga. Kawu ya durƙusa a gefen gadon, ya yi sallama irin wadda ake yi wa manya.

"Alhaji Isiyaku, sannu da jiki."

"Yawwa, sannu," tsohon ya amsa, bakinsa a karkace. "Daga ina?"

"Daga Tafoki. Mamman ne."

"Mamman," ya ce. "Masu suna Mamman da yawa."

Kawu ya ambaci sunan mahaifinsa, ya ambaci unguwarsu, ya ambaci rijiyar da suke shayar da shanu. Tsohon yana ta gyaɗa kai cikin ladabi, yadda ake yi wa baƙon da ba a so a kunyata. A ƙarshe ya juya fuska bango.

"Allah ya saka da alheri, bawan Allah. Amma Mamman ɗin da na sani ba haka yake gaishe ni ba. Wanga wani ne."

Kawu ya ɗago ya dube ni, idanunsa cike da ƙwalla. Saƙon yana bakinsa, amma ba zai ba da shi ga wanda bai yarda da shi ba, don ba zai gaskata ba. Ustaz Usman ya tambaye ni me mahaifinsa ya ce. Wannan karon na yi tunani kafin in buɗe baki. Na ce masa da Larabci mai sauƙi, mahaifinka ya ce bai san wannan muryar ba, yana jiran wadda ya saba ji.

Ustaz Usman ya juya ya rufe tagar da ke kallon hanya. Ya matso kusa da Kawu, ya yi magana da Hausa, wata irin Hausa mai nauyi kamar ta yaron da ke koyo.

"Baba, kira shi yadda ka saba."

Kawu ya share fuska da hannun riga, ya gyara murya.

"Kai bawa. Ubangidanka ya zo kana kwance? Tashi ka kama mani sanda."

Sai kafaɗar tsohon mai lafiya ta fara girgiza, muka ɗauka tari ne, ashe dariya ce. Ya juyo yana laluben iska da hannu ɗaya.

"Mamman ɓarawon rogo. Har yau ba ka yi arzikin sayen bawa ba, sai na baki."

Kawu ya kama hannun ya riƙe da nasa biyu. Suka yi ta zagin juna suna kuka, har aka fara sheshsheƙa a bayan labule. Da suka lafa, Kawu ya kai bakinsa kusa da kunnensa.

"Gwaggo ta ba ni saƙo ranar da za ta cika. Ta ce in gaya maka ta yafe maka, duniya da lahira."

"Sake faɗi," tsohon ya ce.

Kawu ya sake. Ya ce a ƙara, Kawu ya ƙara. Ustaz Usman ya roƙe ni in faɗa wa ƙannensa da Larabci. Jimla ce da ɗan aji uku zai iya, amma sai da na fara ta sau biyu kafin in kai ƙarshenta.

Kwana tara muka yi a gidan, don Ustaz Usman ya aika aka kwaso kayanmu daga wurin Malam Bala. Kawu ne ke ba taubashinsa kunu da hannunsa, yana cewa duniya ta lalace tunda ubangida ke yi wa bawa hidima. In baƙi sun zo sai su koma Alhaji da Alhaji, ba wanda ya koya musu. Dawowa kam a jirgi muka yi, Kawu ya ce yanzu ba shi da wanda zai ji kunyarsa.

Makon jiya wasiƙa ta zo daga Ustaz Usman. Na hau keke na kai wa Kawu a Tafoki, na same shi yana gyaran rumbu. Na karanta ina fassarawa. Larabci ne mai kyau irin na ofis, yana sanar da mu cewa Alhaji Ishaƙ, wato Baba Isiyaku, ya rasu ranar wata Juma'a, cikin sauƙi, da kalmar shahada. A can ƙasa akwai layi ɗaya da na kasa ganewa, na yi ta juya shi ban sami Larabci a ciki ba. Sai na gane Hausa ce ya rubuta da haruffan Larabci. Na karanta wa Kawu yadda take.

"Baba, bawanka ya tafi."

Kawu ya yi salati, ya ajiye igiyar da ke hannunsa, ya zauna a gindin rumbun.

"Ya sake tahiya bai tambayi kowa ba," ya ce. "Je ka kira mani liman da mutanen unguwa, a yi mashi addu'a a garinsu."